Wasiƙa zuwa ga ƴan matan Gangara: in jinin wata ya ɗauke, kada baki ya ɗauke



Ƴaƴana ƴan matan Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Tanut da Belbeji da duk faɗin Damargu, ina gaishe ku gaisuwar uwa. Ina fata kuna lafiya, iyayenku suna lafiya, hatsi ya shiga rumbu lafiya. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, kuma a ɗakin awo na sha jin maganar da mace ba ta iya faɗa wa ko mahaifiyarta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan maganganu ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Zancen jinin al'ada ne. Na san kunya za ta kama wasunku tun daga nan, amma ku daure ku kai ƙarshe, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Har yau ina tuna wata amarya da uwar mijinta ta kawo mini. Tsohuwar ta ce ciki ne ya kwanta, an kusa shekara ba a ga jini ba, an sha rubutu, an sha saiwoyi, cikin ya ƙi tashi. Na gwada fitsarinta, babu ciki. Da na roƙi tsohuwar ta ba mu wuri, sai yarinyar ta sassauta mayafin da ta naɗe haɓarta da shi. Ga tsiron gashi baƙi mai kauri, ga sawun reza. Bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin, ta dirje shi da soso har fatar ta saluɓe. Ta ɗago ido ta ce: "Inna, wallahi ni ba ƙazama ba ce." Na ce mata na sani, ɗiyata. Abin da ke jikinki ciwo ne da likitoci suka sani, yana da suna, kuma ana iya rayuwa da shi cikin lafiya.

A takardun likita na ƙasarmu za ku ga an rubuta SOPK, a Najeriya kuma PCOS. Wasu likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka yi bayaninsa a 1935 bayan sun duba mata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 da ke shekarun haihuwa, kuma waɗanda ba a taɓa gano musu shi ba suna iya kai 70 cikin 100 na masu shi. Ke nan a taron suna mai mata talatin, da wuya a rasa biyu ko uku masu ɗauke da shi, kowacce tana zaton ita kaɗai ce.

Ga yadda abin yake. Kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu na mahaifa. Kowane wata ƙwai ɗaya yake nuna ya fito. In bai haɗu da maniyyi ba, bayan kamar mako biyu sai jini ya zo. A jikin mai wannan ciwo, ƙwayaye da yawa ne ke fara girma sai su tsaya a hanya, kamar geron da ya ɗauki ciki ruwa ya ɗauke masa kafin ya fid da kai. Ƙwai bai fito ba, jini bai zo kan lokaci ba. In an yi hoton ciki, a kan ga waɗannan ƙwayaye jere kamar duwatsun wuya. Ba ƙari ba ne, ba daji ba ne, kuma ba abin da za a yanka a cire ba ne.

Abu biyu ke riƙe da wannan tsaiko. Na farko, sinadarin maza, wanda kowace mace ke da ɗan kaɗan nasa, yana yin yawa. Shi ke kawo gashin haɓa da na ƙirji, da ƙurajen fuska masu naci, da zubewar gashin tsakiyar kai wanda sau da yawa mai kitso ce ke fara lura da shi. Na biyu, sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin jini ƙofa ya shiga tsoka. A jikin da yawa daga cikin masu ciwon, tsoka ba ta jin kiran insulin da sauri, sai jiki ya riƙa zubo shi da yawa, shi kuma yawan nasa ya zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara sinadarin maza. Baƙin wuya da na hammata daga nan yake, ba daga dauɗa ba. Ciwon yana bin dangi. Ba iska ba ce, ba sammun kishiya ba ne, ba kuma alhakin wani laifi da kika yi ba.

Tun taron da masana suka yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan a 2003, likita yana neman alama biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza, da abin da hoto ya nuna. Sai kuma ya tabbatar ba wani dalili ne ya ɗauke jinin ba, don ciki da shayarwa da allurar tazarar haihuwa da ciwon maƙoƙo duk suna ɗauke shi. Yunwa ma tana ɗauke shi, kuma mu da muka san wahalar bazara mun san wannan. Shi ya sa ba na so ɗayarku ta karanta wasiƙar nan ta yanke wa kanta hukunci.

Nasihata ta farko ita ce lissafi. Kun riga kun iya shi, tunda kuna ƙirga kwanakinku saboda salla da ramuwar azumi. Ki sami ɗan littafi, ko kalandar wayarki, ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya tsaya. Shekarar farko bayan fara al'ada, rikicewa ba abin tsoro ba ce. Amma in kin yi shekara uku da farawa, kuma tsakanin jini da jini yana wuce kwana 35, ko bai kai 21 ba, ko kuma a shekara ba kya ganinsa sau 8, to ki ɗauki littafin nan ki je cibiyar lafiya ta kusa da ke, wato CSI. In kuwa ya ɗauke wata uku cur ba ciki, kada ki jira na huɗu. Dalili shi ne shimfiɗar cikin mahaifa tana ta kauri in ba ta zuba ba, kuma barinta haka shekara da shekaru yana ƙara haɗarin dajin mahaifa. In abin ya fi ƙarfin CSI za a tura ki asibitin Tanut, ko babban asibitin Damagaram, ko cibiyar uwa da yaro da ke can. Ki tafi da mahaifiyarki ko yayarki, kuma ki faɗi komai, har da gashin da kike askewa.

Ta biyu ita ce abinci, kuma a nan Allah ya yi mana gata. Masana sun gwada tsare-tsaren cin abinci iri-iri ga masu wannan ciwo, ba su ga wanda ya fi sauran ba. Wanda mace za ta iya dawwama a kai shi ne nata. To mu abin da ke rumbunmu ya isa. Gero da dawa da wake sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki, kuma ba sa tayar da sukarin jini da gaggawa kamarsu, musamman in ba a surfe hatsin an raba shi da dusarsa kakaf ba. Ki yawaita miya, ki rage malmala. Kwaɗon zogale ko na yaɗiya ko tafasa da ƙuli-ƙuli, miyar kuka da kuɓewa da rama, ƙwai in ya samu, nono, ƴar gyaɗa, ɗanwake: waɗannan abokanki ne. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne sukari. Dubi yawan da ake zubawa a butar shayi tun daga na fari har na uku, da wanda ake damawa a fura da kunu da zoɓo, ga lemon kwalba, ga alewa, ga fanke. Ki fara da rage rabi. Cikin ƴan makonni harshenki zai saba, har ki ji ɗanɗanon geron da kansa. Da azumi, ki buɗe baki da dabino da ruwa, ki ci abinci, kada ki cika ciki da zaƙi.

Wadda take da ƙiba, in ta sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, sau da yawa al'ada kan daidaita, har ƙwai ya koma fitowa. Amma ki ji ni da kyau: siririya ma tana samun wannan ciwo, kuma ita ba rama take buƙata ba. Kada ɗayarku ta hana kanta abinci da sunan magani.

Ta uku ita ce motsa jiki. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, na aikin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wadda ke daka da surfe, tana jan guga, tana zuwa itace da gona, ta riga ta biya wannan bashi. Maganata tana kan ƴar makaranta da ke wuni a benci, da mai sana'ar zaune, da amaryar da injin niƙa da ƴan garuwa suka ɗauke wa aiki. Ki ɗauki taɓarya ko da kwano ɗaya ne, ki yi shara da ƙarfi, ki zaga tsakar gida bayan cin abinci. Tsokar da ta yi aiki tana jan sukari daga jini, ko da ma'auni bai nuna kin ragu ba. Ki kuma ba barci haƙƙinsa, kada waya ta cinye miki dare.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi damuna. Na san ana son amarya ta cika ido, kuma na san ƙwayoyin sha-ka-fashe da masu tallar magani ke yawo da su ranar kasuwa. Da yawansu deksametazon ne, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya tayar da jini. Mai wannan ciwo dama tana kusa da ciwon sukari fiye da sauran mata, to shan su kamar zuba fetur ne a wuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ta je ta faɗa wa likita a rage mata sannu a hankali.

Ta huɗu ita ce magani. Gaskiya ɗaya ce: har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke wannan ciwo ba, kuma duk wanda ya ce zai wanke miki mahaifa da kwalba ɗaya kuɗinki yake so. Abin da ke akwai shi ne magungunan da ke kwantar da shi, kowanne da aikinsa. Wadda ba ta neman ciki yanzu, likita kan ba ta ƙwayar da aka sani da ta tazarar haihuwa, don ta daidaita jini, ta kare mahaifa, ta rage ƙuraje da gashi. Budurwa ma ana ba ta a matsayin magani, kuma ƙwayar ba ta hana haihuwa in an daina. Sai an yi haƙurin kamar wata shida kafin a ga sauyi a gashi. Ba kowace mace take dacewa da ita ba, shi ya sa ake auna jini a yi tambayoyi kafin a bayar. Akwai metformin, maganin masu ciwon sukari, wanda ke sa jiki ya ƙara jin insulin. Ana shansa da abinci don yakan ɓata ciki da farko. Wadda ke neman ciki kuwa, akwai letrozol, wanda jagorar masana ta duniya da aka sabunta a 2023 ta sa a gaba, da klomifen, masu taimakon ƙwai ya nuna ya fito. Waɗannan sai da sa idon likita da ƙirgen kwanaki. Kada ki karɓe su daga hannun ƙawa. Sannan ki riƙa auna hawan jini kowace shekara, sukari kuma duk shekara ɗaya zuwa uku, musamman kafin ɗaukar ciki da lokacin goyonsa.

Kada wani ya kira ki juya ki yarda. Da yawan masu wannan ciwo suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da taimakon magani. Amaryar nan da na ba ku labari ta je Damagaram aka duba ta, ta bar sukari a shayi, ta bi maganin da aka ɗora ta a kai. Bayan wani lokaci ta dawo mini da katin awo a hannu, haɓarta a buɗe.

Ku kuma samari, ƙannena da ƴaƴana, da ku nake. A jiharmu ta Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, to kada ku zama na baya a abin da iyayenku suka fara. In haihuwa ta yi jinkiri, ba kullum daga mace take ba. Gwajin maniyyi abu ne mai sauƙi, ka yi shi kafin ka ɗora mata laifi. Ka biya mata kuɗin mota, ka raka ta, ka tare mata gorin dangi. Masu wannan ciwo suna yawan fama da damuwa da ƙuncin zuciya, kuma kalma ɗaya mai daɗi daga miji tana sauke kaya mai nauyi.

Ɗiyata, jikinki amana ne a hannunki. Ki yi addu'a, ki kuma nemi magani, don biyun ba sa karo. Yau ɗin nan ki nemo littafi ki rubuta ranar da kika ga jininki na ƙarshe. In ya kai wata uku, ki faɗa wa mahaifiyarki da daren nan, gobe ku kama hanyar likita. In kuma kin san wata mai naɗe haɓa da mayafi ko cikin zafin bazara, ki karanta mata wasiƙar nan a keɓe.

Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya ba mai nema zuri'a ɗayyiba, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalam,
Innarku mai ƙaunarku.