Zafin Injin Turbo a Lokacin Bazara: Me Ya Kamata a Fara Gyarawa?

A watan Afrilu, idan rana ta take tsaka a yankin Damri da Bakura da Talata Mafara, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci ba abin mamaki ba ne a ga motar da ta yi lodin buhunan shinkafa daga gonakin noman rani na madatsar ruwan Bakolori ta tsaya a gefen hanya, an ɗage bonet, tururi na tashi, yaron mota na neman ruwa da jarka. Da yawa daga cikin waɗannan motoci da taraktoci injin dizal mai turbo gare su. Idan mai mota ya je gareji, shawara uku yakan ji: a sa babban lagireto, ko a ƙara fanka, ko a cire tamosta. Wadda aka zaɓa bisa kuskure tana iya kaiwa ga ƙonewar gaskit ko lanƙwashewar kan inji, a daidai lokacin da ake kwasar amfanin gona.

Kafin a zaɓi magani, sai an san inda zafin yake fitowa. A ƙiyasi, kashi ɗaya bisa uku ne kawai na ƙarfin da ke cikin mai yake zama motsi. Kashi ɗaya yana fita da hayaƙi ta salansa, ragowar kuwa ruwan lagireto da baƙin mai ne suke kwashe shi. Turbo, wanda injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a shekarar 1905, fanka biyu ne a kan sanda guda: hayaƙi yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana danna iska cikin silinda. Ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin mai, ƙarin mai kuwa ƙarin zafi ne. Takwaransa sufacaja shi ma danna iska yake yi, sai dai bel ne ke juya shi daga injin.

Akwai zafi na biyu da ba a cika lura da shi ba. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan turbo ya ɗauki iska mai digiri 40 ya ninka matsinta sau biyu, za ta fito da zafin da ya haura digiri 120. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka oksijin da ke cikinta ya ragu, ga shi kuma ta shiga silinda da zafinta. Shi ya sa ake bi da ita ta cikin masanyayar iska, wadda kanikawa ke kira intakula, kafin ta isa injin.

A nan ɗalibin ilmin halittu zai tuna da jar akuyar Sakkwato. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar akuya da tunkiya da barewa akwai wata ragar ƙananan jijiyoyi. Jinin da ya sanyaya a cikin hanci yayin da dabbar ke haki yana kewaye wannan raga, ya rage zafin jinin da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, ba tare da jinin biyu sun gauraya ba. Aikin intakula ke nan: a sanyaya abin da zai shiga wuri mai muhimmanci tun kafin ya shiga. Raƙumi kuwa dabararsa daban ce. Binciken Knut Schmidt-Nielsen a hamadar Aljeriya a shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da ke fama da ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga kimanin digiri 34 da asuba zuwa kusan 41 da yamma, sa'an nan ya sauke shi da dare. Inji ba shi da wannan haƙuri. Da ruwansa ya tafasa, ɓarna ta fara.

Me ya sa motar da ke lafiya lau a hunturu take tafasa a bazara? Lissafin mai sauƙi ne. Yawan zafin da lagireto ke fitarwa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwansa da zafin iskar waje. Idan ruwan yana digiri 90, iska kuma tana 20 da safiyar hunturu, tazarar 70 ce. Idan iskar ta kai 42, tazarar ta koma 48. Ke nan lagireto ya yi asarar kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa alhali babu abin da ya lalace a jikinsa.

To, a kan wannan ragowar ƙarfi ne ƙura take sauka. A yawancin motoci intakula a gaba take, lagireto a bayanta, kuma a ratar da ke tsakaninsu ne jar ƙasar hanyoyin karkara da ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa suke taruwa inda ido ba ya gani. Hura wannan wuri daga baya zuwa gaba, da duba ko bel ɗin fanka ya saki, da tabbatar da cewa kwanon da ke kewaye da fanka yana nan, sukan magance abin da ake shirin kashe wa kuɗin sabon lagireto. Wannan kwano, da wasu ke jefarwa don yana tsare musu hannu wajen aiki, shi ne ke tilasta wa fanka ta zuƙo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefensa.

Sai murfin lagireto, mafi arha a duk kayan. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsi da zai ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120. Idan robarsa ta tsufa, wannan rata ta tafi. Ruwan da ake zubawa ma abin dubawa ne. Na rijiya ko na magudanar gona yana barin laka da farin gishiri a cikin ƙananan bututu, kamar yadda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da maganin tsatsa kuma yana jinkirta tafasa, amma sinadarin gilaikol da ke cikinsa bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Don haka kada a zuba shi tsantsa. Rabi da rabi shi ne iyaka, kuma a ƙasar da ruwa ba ya daskarewa ƙasa da haka ma ya wadatar.

Batun cire tamosta kuwa, al'ada ce da ta yaɗu a garejojin Arewa, kuma ba ta da hujja. Tamosta ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai digiri 82 zuwa 88. Da ta buɗe, ba ita ce ke hana sanyi ba. A injuna da dama ma ita ce ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Idan aka cire ta, wani kason ruwan zafi zai riƙa komawa inji kai tsaye. Idan ta maƙale, canja ta ake yi.

Sai bayan duk wannan ne maganar sayen manyan kaya take tasowa, kuma alamar ciwon ce za ta nuna wanda za a saya. Idan allura tana hawa a cunkoson kasuwar Talata Mafara amma ta sauka a kan titin Gusau zuwa Sakkwato, iska ce ta yi kaɗan, fanka ake bukata. Idan kuwa a kan titi da lodi take hawa, lagireton ne ya gaza, mai faɗi ko mai ƙarin layi zai taimaka. Idan ruwa lafiya amma ƙarfi na raguwa da tsakar rana, ga baƙin hayaƙi, a dubi matatar iska da intakula. Sai dai intakula mai kauri tana tare wa lagireto iska, kuma wadda ta wuce ta riga ta ɗumama.

Shi kansa turbo, sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne kuma ke sanyaya ta. Idan aka kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, man ya tsaya cak a wuri mai tsananin zafi ya ƙone ya toshe hanyarsa. Barin injin yana aiki a tsaye na minti biyu yana hana haka.

Malami zai iya nuna wa aji tushen darasin da famfon keke. A toshe bakinsa da yatsa, a danna sau ashirin da sauri, sa'an nan ɗalibai su taɓa gindinsa. A sake yin haka bakin yana buɗe, su kwatanta zafin biyun.