Funfuna da Ciwon Hanta

Manoman Bonkuku da ƙasar Kurfai, mu duba rumbunanmu. Gyaɗa, masara ko gero, in aka adana su da laima, sukan yi funfuna. Funfunar nan tana fitar da dafi mai suna afalatokisin, wanda dahuwa ba ta kashe shi, ko a ƙuli-ƙuli ko a tuwo. Daga hanji yake bin jini zuwa hanta, ya yi ta lahanta ta shekara da shekaru har ciwon daji ya kama ta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B.

Mu shanya amfanin gona ya bushe sarai. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ɗaci mu tsince mu zubar. Ko dabba kada a ba, domin dafin yana fitowa a nono.

Wanda idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, a kai shi asibitin Filinge a auna jininsa.