Majalisar komin da aikin magajin gari

Ran kasuwa, mai karɓar haraji yana bi rumfa rumfa yana yanka tikiti. Mai sai da akuya ya biya, mai tebur ya biya. Kuɗin nan suna shiga asusun komin. To, wa ke duba yadda ake kashe su?

Ran 24 ga watan Yuli na 2004, mutanen Nijar suka zaɓi kansaloli cikin komin 265. An sake zaɓe a 2011 da 2020. A lokacin, kansalolin komin guda su ne majalisarta. Su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Sarakunan gargajiya suna zama tare da su, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

Ga yadda aikin ya gudana a shekarun nan. Magajin gari shi ke shugabantar ma'aikata, shi ke sa hannu a fid da kuɗi. Amma ba ya kashe ko dala sai majalisa ta yarda da kasafin kuɗi na shekara. Majalisa tana zama sau 4 a shekara, kuma talaka yana iya shiga ya saurara. 

Mu ɗauka majalisa ta ce a gina rijiya a wani ƙauye. Shekara ta ƙare, magajin gari ya kawo lissafi. A takarda an rubuta an biya magini. Sai kansalan ƙauyen ya miƙe ya ce har yanzu mata suna zuwa tafki ɗiban ruwa. Majalisa ta nemi a nuna mata rasiɗi, ta aika wasu su gano da idonsu. Kansalan da bai iya karatu da lissafi ba, a nan ake ruɗa shi. In lissafin bai yi daidai ba, majalisa ta ƙi amincewa da shi. In abin ya yi muni, tana iya jefa ƙuri'a ta tsige magajin gari. Ita ma majalisar, perfe yana duba ko abin da ta yanke ya bi doka.

A watan Afrilu na 2024, gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi su riƙe komin.

Tambayoyi
1. Kafin a rushe majalisun, wa ke zaɓen magajin gari?
2. Me ya sa kansalan ƙauye ya fi takarda sanin zancen rijiyar?
3. Tambayi babanka ko mamarka sunan komin ɗinku.