Sauka Daga Ƙwayar Zaburar da Ƙwaƙwalwa: Abin da Mai Sha da Danginsa Ya Kamata Su Sani

A shekarar 1979 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Ronald Graham, ya sa wa abokinsa Paul Erdos dala 500 a kan cewa ba zai iya wata guda ba tare da ƙwaya ba. Erdos mutumin ƙasar Hungary ne, gwanin lissafi da ya bar takardun bincike kusan 1,500 a duniya, kuma ya daɗe yana shan amfetamin don ya raba dare yana aiki. Ya daure wata guda cur, ya karɓi kuɗinsa, sannan ya koma wa ƙwayarsa. Kukan da ya yi shi ne, a da in ya dubi farar takarda sai tunani ya cika masa kai, amma a wannan watan farar takarda kawai yake gani.

Wannan kukan shi ne na kusan duk wanda ya taɓa gwada barin irin wannan magani. Ajiye kwalbar aikin rana ɗaya ne. Wuyar tana cikin makonnin da ke biyo baya, lokacin da jiki ya mutu murus, zuciya ta yi baƙi, komai ya fita a ran mutum. Wanda ya san da zuwan waɗannan makonni ya kuma yi musu tanadi tare da likita, shi ya fi tsallake su lafiya.

WACE ƘWAYA AKE NUFI?

Magungunan da likita ke rubutawa don zaburar da ƙwaƙwalwa gida biyu ne manya. Na farko gidan amfetamin. Wani masani ɗan Romaniya, Lazar Edeleanu, ya fara haɗa shi a Jamus a 1887, amma sai a shekarun 1930 aka fitar da shi kasuwa a Amurka da sunan Benzedrine, abin shaƙa na buɗe hancin mai mura. A 1937 wani likita mai suna Charles Bradley ya ba wasu yara masu ƙiriniya a jihar Rhode Island, sai ya ga sun natsu sun mai da hankali ga karatu. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila da na Amurka sun sha shi don kore barci. Adderall da ake ta ji a yau, wanda ya fito a 1996, ɗan wannan gida ne. Gida na biyu shi ne metilfenidet, wanda aka haɗa a birnin Basel na Suwizalan a 1944, ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta.

Likitoci na ba da su ne musamman ga masu lalurar kasa tattara hankali wuri ɗaya, wadda ake kira ADHD, da masu ciwon nan da barci ke sace mutum da rana tsaka yana cikin magana ko aiki. Ga waɗannan mutane maganin alheri ne, kuma wanda yake sha bisa ƙa'ida yana ganin amfani babu dalilin da zai firgita ya bari. Sai dai tun 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a Vienna ta sa su cikin magungunan da dole a tsare, kuma a watan Mayu na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗin da ke jikin kwalinsu, saboda yawan masu shan na wasu da masu wuce kima.

A ƙasar Hausa likitoci ba su cika rubuta su ba, sai likitocin ƙwaƙwalwa jefi-jefi. Amma ƙwayar hana gajiya tsohuwar baƙuwa ce a wajen 'yan ƙwadagon noma, da direbobin doguwar hanya, da ɗalibai a lokacin jarrabawa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda. Ita ma Captagon, wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, NDLEA, ta kama da yawa a tashar jiragen ruwa ta Apapa a 2021, asalinta maganin likita ce da aka haɗa a Jamus a farkon shekarun 1960 kafin a haramta ta.

YADDA JIKI KE SABAWA

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji sha'awar abu, ya tashi ya nema, ya ji daɗi in ya samu. Waɗannan ƙwayoyi suna sa dofamin ya taru fiye da yadda aka saba, tare da wani sinadarin da ke ƙara bugun zuciya da hawan jini. Shi ya sa mai sha ke jin idonsa ya buɗe tarau, yunwa ta ɗauke, barci ya gudu.

In aka daɗe ana sha da yawa, ƙwaƙwalwa takan rage jin wannan sinadari don ta kare kanta. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu. Ranar da aka janye kuma sai a tarar abin da jiki ke samarwa da kansa bai isa ya motsa mutum ba. Gyaruwar wannan na zuwa, amma a hankali, cikin makonni ko watanni.

Likitoci na raba mutum biyu a nan. Akwai wanda jikinsa ne kawai ya saba: yana bin abin da aka rubuta, bai taɓa ƙarawa ba, sai dai in ya tsallake rana ya ji kasala. Akwai kuma wanda abin ya fi ƙarfinsa: maganin wata guda ya ƙare masa a mako biyu, yana zaga asibitoci da shagunan magani, yana daka ƙwayar ya shaƙa, yana ɓoye wa matarsa, ya sha yin rantsuwa zai bari ya kasa. Na farko sauƙin sauka gare shi. Na biyu yana bukatar jinya sosai, kamar kowane majinyaci.

ABIN DA ZAI FARU IN AN DAINA

Kwana ɗaya zuwa uku na farko mutum yakan zube. Barci mai nauyi, wani ya wuni ya kwana yana yi, in ya farka ya ci abinci kamar wanda ya dawo daga tafiya. Daga nan har mako ɗaya ko biyu sai saurin fushi, da munanan mafarkai, da barci a birkice, da kewar ƙwayar da ke zuwa tana tafiya. Ga wanda ya daɗe yana sha da yawa, wani dushi-dushin rai yakan saura har wata biyu ko uku ko fiye: hira ba daɗi, aiki ba daɗi, ko ƙwallon da yake so bai damu ya kalla ba.

Barin wannan ƙwaya shi kaɗai ba ya cika kashe mutum ta hanyar jiki. Haɗarin yana ga zuciya, domin baƙin cikin kwanakin farko na iya kai mutum ga tunanin halaka kansa. Wanda aka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin ana bin sa, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ya faɗi yana jijjiga, asibiti za a kai shi a wannan ranar, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. Mai shan ƙwayar hana barci yakan nemi ta sa barci da dare. A 1965 da aka kama mawaƙin Amurka Johnny Cash a garin El Paso, ɗaruruwan ƙwayoyin amfetamin aka samu tare da shi, haɗe da wasu ɗaruruwan na kwantar da jiki. Haka abin yake a nan gida, inda ake haɗawa da diyazefam ko roci ko taramol ko giya. Yanke diyazefam ko roci ko giya farat ɗaya bayan an daɗe ana sha na iya jawo jijjiga har da rasa rai. Don haka ɓoye wa likita ko da abu ɗaya ne ganganci ne babba.

HANYAR SAUKA

Matakin farko komawa wajen likita, in da hali wanda ya rubuta maganin, a faɗa masa gaskiyar adadin da ake sha, da tun yaushe, da abin da ake haɗawa da shi. Shi zai duba jini da zuciya, ya yanke shawara. Wani a rage masa kaɗan-kaɗan duk mako ko mako biyu, kamar mai saukowa daga kan rumbu, ƙafa ɗaya sai ta zauna sannan a ɗaga ɗayar. Wani mai shan kaɗan a ce ya tsaya kawai. Wanda ba ya iya riƙe kansa kuma a kwantar da shi, ko a danƙa maganin a hannun wani amintacce ya riƙa ba shi na rana ɗaya tak.

Na biyu, a zaɓi lokaci. Ɗalibi ya jira hutu, ma'aikaci ya nemi 'yan kwanaki. Direba da mai aiki da inji su ajiye aiki a makon farko, don barci na iya sace su ba sallama.

Na uku, a tuna da abin da ya kawo maganin tun asali. In lalurar rashin tattara hankali ce, za ta dawo da an daina. Akwai magungunan da ba na wannan gida ba, irin su atomoksetin da aka fara amfani da shi a 2002, waɗanda likita zai iya sauyawa da su. In kuwa aikin dare da rana ne ya kai mutum ga ƙwaya, sai an rage aikin, in ba haka ba gidan jiya za a koma.

Na huɗu, tsarin yini. Lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya, abinci sau uku, tattaki da hantsi. Shayi da goro daidai misali, ban da bayan la'asar. Sauran ƙwayar da ke cikin aljihu da ƙarƙashin katifa a mayar asibiti, lambar mai kawowa a goge ta daga waya.

Har yau babu wata ƙwaya ko allura da hukumomin lafiya suka amince tana warkar da jarabar waɗannan magunguna, don haka mai tallar maganin wanke jini cikin kwana uku kuɗi kawai yake nema. Abin da bincike ya nuna yana aiki biyu ne. Ɗaya zama da masanin halayyar ɗan Adam a kai a kai, a gano abin da ke tayar da kewar, wuri ne ko aboki ko gajiya, a shirya abin yi in ta taso. Ɗayan kuma tukuici: duk sanda gwajin fitsari ya fito fes, a ba mutum wata 'yar kyauta, tana ƙaruwa yadda makonni ke ƙaruwa. Asibitocin tsofaffin sojojin Amurka sun ɗauki wannan hanya tun 2011.

RABON DANGI

A misalta uwa ta kawo ɗanta ɗan jami'a, kwanansa biyar da dainawa. Ta ce, "Likita, yaron nan ya zama gawa. Da ko ba komai yana karatu, yanzu sai barci da ci. Anya ba jifansa aka yi ba?" Likita ya ce, "Hajiya, wannan barcin bashi ne jikinsa ke biya. Ki bar shi ya yi, ki tashe shi salla da cin abinci. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne maganarsa. In kika ji yana cewa ya gaji da duniya, ko tsakar dare ne ku taho."

Gori da kiran mutum malalaci ko ɗan ƙwaya a waɗannan kwanaki kan tura shi inda ya fito. Addu'a da nasihar malamai na ƙarfafa zuciya, a haɗa su da asibiti. Mari da duka kuwa ba sa mayar da dofamin. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, alhali iyayensu gyara suka kai su.

IN AN ZAME

Komawa bayan an bari abu ne da ke faruwa da yawa. Johnny Cash ya rabu da ƙwaya a ƙarshen shekarun 1960, ya sake faɗawa, ya shiga cibiyar jinya ta Betty Ford a 1983, kuma ya ci gaba da waƙa har rasuwarsa a 2003. Wanda ya zame ya koma wa likita a makon nan, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya kuma sani jikinsa ya riga ya manta da tsohon adadi, abin da yake sha a da yanzu zai iya bugar masa da zuciya. Ƙwayar da aka saya a titi ko ta intanet kuwa ba a san cikinta ba. A Amurka an sha kama jabun Adderall da aka cusa wa metamfetamin.

Wuraren neman taimako suna nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma ta buɗe layin waya na kyauta a 2022. Mai zuwa ya tafi da kwalin maganin da takardar likita in akwai, ya rubuta sunan duk abin da yake sha, ya kuma tafi da ɗan'uwa guda wanda zai ji bayanin likita ya riƙe ranar komawa.