Yadda Za Ka Mallaki Kalmomin Zaman Tare a Japananci

Duk ɗalibin Japananci da ya doshi matakin N2 ko N1 na jarrabawar JLPT zai yawan cin karo da kalmomin zaman tare a rubuce-rubucen jarida da na gwamnati. Kai da ka tashi a unguwa irin Barkin Sale, inda Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarbawa ke maƙwabtaka, ka riga ka san abin a aikace. Sunayensa kawai suka rage maka.

Da farko, kama harafin 共, mai ma'anar "tare". Daga gare shi ake samun kyōzon (共存), kyōsei (共生), kyōdō (共同) wato haɗin gwiwa, da kyōkan (共感) wato jin abin da ɗan'uwanka ke ji. Koye su dangi guda, kada ka haddace su a warwatse.

Na biyu, rarrabe tagwayen da ke rikita ɗalibai. Kyōzon shi ne kowa ya wanzu ba tare da ya kawar da ɗaya ba. Shi ya sa a zamanin yaƙin cacar baka ake cewa heiwa kyōzon, wato zaman tare cikin lumana, game da Amurka da Tarayyar Sobiyet. Kyōsei kuwa ya fi zurfi, domin masana halittu na amfani da shi ga rayuwar da ake cin moriyar juna, kamar balbela da saniya. Da shi aka gina tabunka kyōsei (多文化共生), zaman al'adu daban-daban wuri guda, wanda ma'aikatar harkokin cikin gida da sadarwa ta Japan ta fitar wa ƙananan hukumomi da tsari a kansa a 2006.

Na uku, kula da jan wasali. Idan za ka buga kalmar a waya, rubuta kyouzon, ba kyozon ba, in ba haka ba harafin da kake nema ba zai fito ba.

Na huɗu, zuba kalmomin a manhajar Anki, kowacce da jimlarta daga labaran NHK, kafar yaɗa labarai ta Japan. Sannan ka ƙirƙiro taka jimlar a kan unguwarku: rijiyar da ake sha tare, ko Sallah da Kirsimeti da ake kai wa juna abinci.

Ko kana neman tallafin karatu na MEXT, wato ma'aikatar ilimi ta Japan, ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja, ko sha'awa ce kawai, ka ɗauki kalma biyar a yau, ka ba kowacce jimla kafin ka kwanta.