Amsar Tambaya: Yara da Darasin Daji

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji ɗaya na firamare. Yaya zan koya musu itatuwa da namun daji, alhali ba mu da kuɗin zuwa Yankari? Daga wata malama a Kano.

Amsa: Ki ajiye maganar Yankari tukuna. Yaro ɗan shekara 6, ko ya ga giwa, labarin mota zai fi kawo miki.

In akwai gawo kusa da makaranta, kin samu abokin aiki. Ki kai su gindinsa da damina su gan shi tsirara, ba ganye. Ku koma da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe, su tarar ya yi kore shar. Ki tambaye su abin da ke tara awaki a ƙarƙashinsa, ki yi shiru, su tsinto 'ya'yansa da kansu. Kada ki yi saurin ba da amsa, wannan ita ce cutar malamai.

Kuka kuwa da dare furenta ke buɗewa, jemage ya zo shan zaƙinsa, ya kwashi garin fure zuwa wata bishiyar. Ki faɗa musu 'ya'yan kukar da suke tsotsa da hannun jemage a ciki, za ki sha tambayoyi.

Sauran sai ido: suri, ramin kurege, sawun bushiya a ƙasa. Kowa ya sa takalmi, kuma ba a zura hannu a rami, don maciji ma yakan fake a ciki.