Yadda Ake Kafa wa Shirin Kwamfuta Shinge

A zangon karatun da ya wuce malamin ajinmu ya ba ni aikin rubuta wani ɗan shiri na kwamfuta, da harshen C, wanda zai tara makin jarrabawar 'yan aji ya fitar da matsayin kowa. Mu 40 ne a ajin. Na rubuta, na gwada, sai ga shi wata yarinya da kowa ya san ita ce ta biyu ta faɗo ta goma sha ɗaya. Da an liƙa wannan takarda a allon sanarwa, da na shiga uku. Kwana biyu ina duban abin da na rubuta, ban ga inda na kauce ba.

Ran Asabar na ɗauki aikin na kai wa yayana, wanda ke karatun kwamfuta a nan Daura. Bai ko karanta shirin ba. Sai ya buɗe wata manhaja mai suna GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a Amurka a 1986, aikinta farautar kuskure. Ya umurce ta ta tsayar da shirina a layin da ake tara maki. Shirin ya ruga, ya zo daidai wurin ya tsaya cik, kamar motar da ta iso shingen Kwangwalam a kan hanyar Nijar. Muka leƙa cikinsa, muka tarar ashe ƙidayata tana tsayawa a darasi na takwas, alhali kuwa darussa tara ne. Na tara ɗin shi ne lissafi, inda yarinyar nan ta fi kowa.

Kuskure ya gyaru cikin minti biyar, amma ni wani abu daban ya tsaya mini a rai. Na ce, "Yaya, injin da ke aiwatar da miliyoyin umurni kafin ƙiftawar ido, wa ya tare shi a daidai layin nan?" Ya yi dariya ya ce babu wanda ya tare shi, tarko aka binne masa a hanya.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga yadda abin yake. Shirin da muka rubuta, idan aka juya shi zuwa harshen inji, jerin lambobi ne kawai a jibge cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowace lamba da adireshinta. Kowane gurbi ɗaya ana kiransa bayit. Furosesa, watau injin da ke aiwatar da umurni, tana da wani ɗan manuni da ke riƙe da adireshin umurnin da za ta yi nan gaba. Ta karanta, ta aikata, manuni ya matsa. Ba ta san wani abu wai shi layi ba.

A ce Inna ta aiki ƙanenka kasuwar Daura da takarda: sayo gero, sayo daddawa, sayo manja. Kai kuma kana so ka ga abin da ke cikin kwandonsa kafin ya sayi daddawa. Sai ka goge kalmar, ka rubuta "tsaya ka kira ni" a gurbinta, ka kuma rubuce kalmar da ka goge a tafin hannunka don kada ka manta. Abin da GDB ke yi ke nan. Tana zuwa adireshin da aka ce a tsaya, ta kwafe bayit ɗin farko na umurnin ta adana, ta rubuta wata lamba a madadinsa. A furosesar Intel da danginta, tun daga 8086 ta shekarar 1978, wannan lamba ita ce 204, wadda masu sana'ar ke rubutawa CC, sunan umurnin kuwa INT3. Da furosesa ta taka shi sai ta saki shirin ta kira babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. A Linux, ita kuma sai ta daskarar da shirin ta sanar da GDB da wata alama mai suna SIGTRAP. Izinin taɓa ƙwaƙwalwar wani shiri kuwa ta wata ƙofa ake samunsa, ptrace. Fayil ɗin da ke ajiye ba a taɓa shi, kwafin da ke gudana kaɗai ake yi wa faci.

Ban yarda ba sai da na gani. Yaya ya sa shirin ya karanta bayit ɗin farko na wani sashe nasa ya buga mana. Ya buga 55. Muka kafa shinge a daidai adireshin, muka sake gudu. Ya buga CC.

Me ya sa tarkon bayit ɗaya tak ne? Domin umurnin wannan furosesa tsawonsu ya bambanta, daga bayit 1 har zuwa 15. Da tarkon bayit biyu ne, aka ɗora shi kan umurni mai bayit ɗaya, da ya ci gonar maƙwabcinsa. In kuwa wani sashe na shirin ya yi tsalle ya dira kan maƙwabcin nan, zai tarar da rabin tarko, ya aikata shirme.

Inda wuyar take shi ne ci gaba da tafiya. Lokacin da shirin ya tsaya, manuni ya riga ya wuce tarkon da bayit ɗaya. Dole a mayar da bayit na asali gurbinsa, a ja manuni baya da taki ɗaya, a sa furosesa ta aikata umurni guda kaɗai ta sake tsayawa, sa'an nan a mayar da CC, domin in shirin ya zagayo ya sake faɗawa. A hutun nan na gwada rubuta tawa 'yar manhajar, na manta jan manuni baya. Furosesa ta fara karatu daga tsakiyar umurni, shirin ya rushe nan take, na kwana ina zargin kwamfutar.

Dabarar tana da iyaka. Shirin da aka ƙone a ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa ba ya karɓar faci. Haka kuma mugayen manhajoji sukan ƙidaya lambobin jikinsu, in sun ga an sauya ko ɗaya sai su san ana bin sawunsu, su lafe. Saboda irin wannan, tun daga furosesa 80386 ta 1985 Intel ta sa wasu gurabe na musamman a cikin injin kansa, inda ake rubuta adireshin da za a tsaya ba tare da an taɓa shirin ba. Sai dai guda 4 ne kacal, shi kuwa tarkon CC kana iya binne ɗari in ka ga dama.

Ran Litinin na kai wa Malam takardar da aka gyara. Yarinyar nan ta koma ta biyu, ni kuma da aka haɗa da makin lissafi na sauko daga na shida zuwa na tara.